Kwandon Kwastan da Teburin Kafinta

Idan ka shiga gidan yayata da wani abu a hannunka, to riƙe abinka da kyau, ko ka rataye shi a ƙusar bayan ƙofa. Kada ka yarda zuciya ta raya maka ka ɗora shi a kan teburin cin abinci. Makulli ne, waya ce, jaka ce, ko da tabarau ne ka cire don ka murza ido, kafin ka waiwayo ya yi ɓatan dabo. Ba wai ana sata a gidan ba. Akwai wani kwando a gindin firij, can za ka je ka tsugunna ka tono kayanka cikin na sauran masu laifi. Shi ya sa 'ya'yanta suka laƙaba mata Kwastan, sunan kuwa ya bi ta, maƙwabta suka ɗauka, har mijinta ma da shi yake kiranta.

Ni dariya ke kama ni in na ji ana yabon tsarinta. Ɗaki ɗaya muka tashi, gado ɗaya, ni na san wace ce Yaya. Yarinyar da za ta cire ɗankwali ta yar a bakin ƙofa, da safe a sami takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗayar a tsakar gida, uwarmu ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Da ta koyi ɗinki sai abin ya ƙara lalacewa. Tela ce ta gaske, hannunta na da kyau, ba na cin amanarta a nan. Amma inda duk ta zauna aiki sai ka rantse guguwa ce ta bi ta kantin yadi: ƙyallaye, zare, alli, fil a baki, fil a wuyan riga, fil a kujerar da baƙo zai zauna. Ni kaina na sha zama a kan allurarta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Mijinta kafinta ne, dogo, mai sanyin murya, mai ji da kansa irin na masu aikin hannu. Kafinta nake ce masa tun ranar da ya fara zuwa gidanmu, shi kuma ya ce mini Rediyo, wai ni ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Teburin nan shi ya yi shi farkon aurensu, da wani katako mai nauyi da ya daɗe yana ɓoyo a bayan shagonsa. Faɗi gare shi, kauri gare shi, sai da ƙarti suka taru kafin aka shigar da shi falo, kuma tun daga ranar bai motsa ba.

Shekaru da yawa sunan teburin ne kawai na cin abinci. Rabinsa na Yaya ne, a nan take shimfiɗa yadi ta yanka, a nan take guga. Kusurwa guda ta littattafan yara ce. In lokacin abinci ya yi sai kowa ya sa gwiwar hannu ya ture abin da ke gabansa, a samu gurbin faranti. Kafinta bai taɓa damuwa da tarkacen ba. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, kowa sai ya zauna an ci tare. A kan teburin nan yake raba faɗan yara, a nan yake ba da labarin masu kawo masa gyaran kujera da ƙafa uku su ce jiya lafiyarta ƙalau, a nan yake tsokanata har in yi fushi in tashi, ya ce a ajiye mini nama zan dawo. Ina kuwa dawowa.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ba irin yanar da ake cirewa ba ce, likita ya ce irin ciwon nan ne da ke cin gani daga gefe-gefe har ya iso tsakiya. A hankali ya ci shi. Ya fara da barin zarto, ya koma tsayawa a kan masu aiki, daga baya ya bar musu shagon gaba ɗaya. Ya daina fita titi, ya daina zama a ƙofar gida don kada a gaishe shi ya kasa gane mai gaisuwa. Mutumin da gari bai ishe shi ba sai ga shi daga ɗaki sai falo. Abin da ya rage masa na zama cikin mutane kujerarsa ce a kan teburin nan.

Wata rana da safe ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, hannun ya sauka a kan almakashin Yaya, yana buɗe. Ya yanke a tafin hannu, ya zabura, kofin ya kife a kan yadin wata mata da aka kawo ɗinki. Yara suka yo kansa, wannan na goge masa riga, wancan na riƙe masa hannu. Ya tashi ya lallaba ya shige ɗaki ya tura ƙofa. Kwana da kwanaki a ɗaki ake kai masa abinci, farantin ya dawo kamar yadda aka kai shi. Da Yaya ta matsa masa sai ya ce mata, mutumin da ake goge wa gaban riga kamar jariri ba shi da wurin zama cikin manya.

To a nan aka haifi Kwastan. Ruwa ba ya tsami banza. Yaya ta kwashe komai nata daga kan teburin, ta kai ƙaramin ɗakin da keken ɗinkinta yake, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta koma yankan yadi a durƙushe. Ta kafa ƙusoshi a bayan ƙofa, ta ajiye kwando a gindin firij. Sannan ta zauna ta ƙare wa teburin kallo, tana shafa shi da tafin hannu kamar mai neman abin da ya faɗi. Daidai kujerar mijinta, ta hannun dama, akwai wani ƙulli a jikin katakon, inda reshe ya taɓa fitowa. Gaba kaɗan akwai tabon ƙuna, inda ita da kanta ta taɓa manta dutsen guga. Ta bakin tebur kuma akwai wani dogon zane da bakin almakashinta ya ci saboda yawan bi. Sai ta yi musu rabon aiki. Kofi bayan ƙulli, kwanon miya a kan tabon ƙuna, bakin faranti a kan zanen, cokali a kwance a gefensa.

Ba ta yi masa bayani ba, ta san halin kayanta. Ta je ta same shi a ɗaki ta ce, "Kafinta, yau da na share teburin nan na ga ashe aikin ganganci ka yi mini. Ƙulli ka bari ƙato, ka rufe ni da daɗin baki." Ina wuta ya saka ta. A taɓa komai nasa ban da aikinsa. Ya fito yana cewa ƙulli ado ne ga wanda ya san katako, ta kama hannunsa ta ɗora a wurin ta ce to shafa ka ji adon. Yana shafawa, yatsansa ya taɓa kofi. Ya matsa da hannun gaba, ya ji tabon, ya ji kwanon miya. Ya ja kujera ya zauna, ya ce a zuba masa. Daga ranar ba su sake tayar da maganar ba, shi bai gode ba, ita ba ta nemi godiya ba.

Yaran ba su san komai ba. Su dai sun ga Baba ya dawo tebur, yana miƙa hannu ya ɗauki kofinsa tsaf ba tare da lalube ba, sai suka ɗauka har yanzu yana gani dishi-dishi. Har alfahari suke yi da hakan a gaban baƙi, shi kuma ya gyara zama. Ni kaɗai na gano, don ni ba baki kaɗai Allah ya ba ni ba, har da ido. Da na tambaye ta, ta ja ni kicin ta ce, "In maganar nan ta fita daga bakinki, ni da ke har abada." Na ce to. Saboda haka in ka ji ana cewa Yaya tsafta ta yi mata yawa, ka bar su da rashin saninsu. Ba tebur take tsaro ba, kujerar mijinta take tsaro, kada ya sake komawa ɗakin nan ya rufe ƙofa.

Ta kuwa tsare ta da gaske. Autansu, wanda yanzu ƙato ne da mata da 'ya'ya a gidan, kullum ya shigo sai ya dire hular kwanon babur ɗinsa a tebur, kullum kuma a kwando yake samunta, kan jakar makarantar 'yarsa. Wani maƙwabcinsu ya zo gaisuwa ya ajiye waya, ana cikin hira sai aka ji kwando yana ƙara, bawan Allah ya tsugunna yana amsa kira a gindin firij. Ni ma ban tsira ba. Na ce mata, "Yaya, ni fa baƙuwa ce." Ta ce baƙuwar da ta san inda ake ɓoye sukari ba baƙuwa ba ce. Kafin kowane cin abinci sai ta goge teburin da tsumma, sannan ta sake bi da tafin hannu tun daga wannan baki zuwa wancan, don ta ji abin da hannunsa zai ji. Kujerarsa ma tana da gurbi a ƙasa, ko shara aka yi sai ta mayar da ƙafafunta daidai inda suke.

Abin da ya fi ci mini rai gwiwoyinta ne. Shekara da shekaru tana durƙushe a kan siminti, tabarma ce kawai tsakani, tana jan almakashi. Tun tana tashi da kanta har ta koma sai ta dafa keken ɗinki. Na yi faɗa har na gaji. Na ce a sa mata wani teburin a ɗakin ɗinki, ta ce ina za a sa shi, a kaina? Gaskiyarta, ɗakin daga keke sai kabad, mutum biyu ba sa gilma wa juna. Na ce to ki yi yankan a babban tebur da hantsi, ki kwashe kafin rana. Sai ta dube ni ta ce, "Ke ce fa kika sha zama a kan allurata. Fil ɗaya zan manta, ɗaya tak, ya shige masa hannu, shi ke nan na rasa shi."

Ƙarshenta gwiwar dama ta ƙi, likita ya ce sai an yi aiki. Ni na tafi jinya, don wa take da shi da ya wuce ni. Kafin mu fita ta tara Auta da matarsa, ta kira babbar 'yarta a waya, ta yi musu magana ɗaya: kada a bar komai a kan tebur, kada kuma a gusar da komai. Ta nuna wa matar Auta yadda take jera wa Baba kayan cin abinci, ba ta dai faɗi dalili ba. Duk suka ce to, Kwastan, an ji.

Zaman asibitin ya yi tsawo fiye da yadda aka zata, don ciwon bai yi saurin kamewa ba. Nakan leƙa gidan da rana in ɗauko kaya, kuma abin da nake tararwa sai ya sa ni hawan jini. Hular kwano ta samu wurin zama, ga makullai, ga cajar waya ta miƙe kamar igiyar shanya, ga ledar magani, ga filas ɗin da ake kai mana asibiti, ga littafin yara da biro a ciki. Ba mugunta ba ce, kowa hankalinsa na asibiti, kowa ya shigo a gajiye ya sauke abin da ke hannunsa a wuri mafi kusa. In yi masifa in kwashe, gobe in dawo in tarar kamar ban yi ba. Kafinta ya ture kwalbar magani sau ɗaya, ya ce a riƙa kai masa abinci ɗaki har Kwastan ta dawo. Kullum Yaya sai ta tambaye ni, ya ci abinci, a ina ya ci. In amsa mata ta farko, in tashi in ce bari in ɗebo ruwan zafi.

Sai babbar 'yarsu ta zo. Sana'arta ƙawata ɗakin taro ce, ita ake kira ta shirya tebura da kujeru in za a yi liyafa, shi ya sa muke ce mata Mai Ado. Yarinyar kirki ce, kuma duk cikin yaran babu mai son uban kamarta. Ta ga tebur ya zama juji, ta ga ubanta ya rame a ɗaki, hankalinta ya tashi. Ta yi tunani irin na sana'arta, kuma ba tunanin banza ba ne. A wurin aikinsu sun san tebur tsirara shi ke kiran tarkace, amma wanda aka yi wa shimfiɗa aka jera masa kaya, ba mai ƙarfin halin dire masa hular kwano. Ta kwashe komai tas, ta kawo farar shimfiɗa mai kauri ta lulluɓe teburin har ƙasa. Ta sa kwalbar furanni a tsakiya, ta jera kofunan gilashi masu dogon wuya, ta gyara kujeru suka yi layi ɗaya, har da ta Baba. Sannan ta je ta durƙusa a gabansa tana lallashi har ya yarda zai fito, albarkacin mijinta da ya zo gaishe shi.

Na shigo da rana da filas a hannu, na tarar har sun zauna. Ina ganin farar shimfiɗar nan gabana ya faɗi. Na dubi Kafinta, hannunsa na dama yana tafiya a hankali a kan ƙyallen, yana zuwa yana dawowa, yana neman ƙullinsa. Babu ƙulli, babu tabo, babu zane, ko'ina sumul. Kafin in buɗe baki Mai Ado ta ce cikin fara'a, "Baba, ga ruwanka nan a gabanka, ka gan shi ko?" Ya ce, "Na gani." Ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, da ƙarfin gwiwa. Kofin ya kife cikin kwanon miya, kwanon ya bugi kwalbar furanni, miya da ruwa suka kwararo masa a cinya. Surukin nasa ya yi wuf ya ɗauki tsumma yana goge masa gaban riga, yana cewa sannu Baba, ba komai Baba. Da ya san abin da yake yi, da ya bar miyar ta bushe a wurin.

Kafinta ya janye hannun surukin a hankali ya ce, "Ku ci abincinku." Ya miƙe. Da yake an gusar da kujerar, lissafinsa ya ɓace, ya nufi inda yake zaton ƙofa ce ya yi karo da kabad. Ba wanda ya iya motsi. Ya shafa bango har ya sami ƙofar ɗakinsa. Daga ciki muka ji ya ce wa Mai Ado, ba da faɗa ba, in tana son teburin don aikinta ta sa a ɗauka, shi ya gama da shi.

Alkawarin da na yi wa Yaya a nan ya ƙare, don riƙe shi ba shi da sauran amfani. Na naɗe shimfiɗar, na kama yatsan Mai Ado na ɗora a kan ƙullin, na kai shi kan tabon, na bi da shi kan zanen. Na ce, "Idon ubanku ke nan, shi kika rufe." Ta zauna a ƙasa tana kuka kamar ƙaramar yarinya, tana ce mini, Inna, me ya sa ba a faɗa mana ba. Wallahi ta ba ni tausayi, faɗan da na ɗebo ma sai na fasa shi. Auta ya ɗauki hular kwanonsa ya rataye a ƙusa ba wanda ya sa shi. An cire shimfiɗa, an mayar da kujera gurbinta, an jera komai daidai, amma Kafinta bai fito ba. Yana jin duk abin da aka faɗa ta bayan ƙofa. Yanzu ya san kowa ya sani, kuma wannan ya fi masa miyar ciwo.

Ranar da aka sallami Yaya, a mota na faɗa mata komai. Na zaci za ta cinye ni ɗanya. Amma ita dai sai ta riƙe sandunan da aka ba ta tana kallon titi. Da muka isa an gyara mata gado, an jera matasai, ta ce ba can za ta ba. Ta dogara sanda har falo, ta zauna a kujerarta, ta miƙe ƙafar a kan wata. Lokacin abincin rana ne, matar Auta ta ɗauko faranti, Yaya ta ɗaga mata hannu ta ce kowa ya tsaya inda yake.

Ta juya wajen ƙofar ɗakinsa ta ce, "Kafinta, na dawo."

Daga ciki ya ce, "Sannu da zuwa. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta yi sauƙi, yunwa ce ke damuna. Likita ya hana ni tsayuwa, ya kuma hana ni shan magani ba abinci. Yaran nan ba su iya shirya tebur ba, ka dai ji aikinsu. Rediyo kuwa sai baki. Kai kaɗai ka san inda komai yake zama."

"Ki sa su kai miki ɗaki."

"Ban taɓa ci a gado ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ƙofa ba ta buɗe ba, yaran Auta suka fara mutsu-mutsu. Sai na ga Yaya ta ɗaga sandarta guda ta dire a kan tebur, ƙwal. Yaya fa, Kwastan da kanta. Ta ce, "Ka ji wannan? Sandata ce." Ta ɗora ɗayar. Ta fizge jakata daga kafaɗata ta jibga. Ta miƙa wa Auta hannu, ya ciro hular kwano daga ƙusa, ta dire ta da ƙarfi har katakon ya amsa. Ta ce, "Wannan kuma ka san ta. Ni na yi ritaya, ba ni da gwiwar zuwa kwando. In mai tebur bai fito ba, a kawo takalma ma a ɗora."

Ƙofa ta buɗe. Ya fito ya rame, rigar ta yi masa yawa, ya dafa bango ya zo har bakin tebur. Ya ce, "Ƙarfe a kan katakona. Ke ko kunya ba kya ji." Ya laluba ya sauke sandunan ya jingina su a jikin kujerarta, inda hannunta zai kai. Ya ɗauki hular da jakata, ya taka har gindin firij ya jefa su a kwando, bai ko yi tuntuɓe ba. Ya dawo ya shimfiɗa tafin hannunsa ya bi teburin daga wannan baki zuwa wancan, daidai yadda take yi. Sannan ya ce a miƙo masa faranti.

Mai Ado ce ta riƙa miƙa masa. Ya fara da na Yaya. Ya ajiye farantinta, ya sa kofinta ta hagu, don ita bahaguwa ce, ya sa cokali. Ya bi kowa ya ajiye masa nasa a inda yake zama, har ni, don shekara da shekaru yana jin ƙarar saukar kowane kwano. Nasa ya ajiye a ƙarshe. Bai zauna ba tukuna, ya tsaya riƙe da bayan kujera ya ce, "Kwastan, kina tsammanin ban san abin da ya ci gwiwar nan ba? Ƙarar almakashi a kan katako daban, a kan siminti daban. Kullum ina ji. Na yi shiru ne don ina tsoron in na yi magana ki dawo da shi nan, ni kuma in koma ɗaki." Yaya ta sunkuyar da kai tana gyara bakin ɗankwali. Tun da nake da ita ban taɓa ganin an ƙure ta ba sai ranar.

Ya ce daga yau yanka a kan tebur za a riƙa yi, a zaune. Ta ce fil fa? Ya ce akwai maganaɗisu a akwatin kayan aikinsa, wanda yake tsince ƙusoshi da shi a cikin garin katako, abin da ya tsinci ƙusa ba zai bar fil ba. Sannan ya ja kujera ya zauna. Kowa ya tsura wa farantinsa ido, ana kunyar a kalle shi. Ya ce, "Ku ɗago kanku, na san kun sani." Ya ɗora yatsa a kan ƙullin a fili, kowa na kallo, ya zarce ya ɗauki kofinsa ya sha. Ya ce wa Mai Ado ta zuba masa miya, ta cika kwanon, ya kwana biyu bai ci ta kirki ba. Ni dai ban san me ya shiga idona ba, sai da na tashi na shiga kicin.

Shekaranjiya na je da hantsi na same su. Yaya na zaune ta miƙe ƙafa, yadi shimfiɗe a kan tebur, fil a baki, alli a bayan kunne, ƙyallaye ko'ina, Yayar da na sani tun muna yara ta dawo. Shi kuma yana ɗaya gefen ya danne mata bakin yadin da tafin hannu, tana yanka suna musu a kan wanda ya fi wani taurin kai. Da rana ta yi ya ce a tashi kasuwa. Ta tattara nata, ya bi teburin da maganaɗisu, fil biyu suka maƙale, ya miƙa mata, sannan ya bi da tafin hannu. Tabarauna da na ajiye a kusurwa can na same su a kwando, kan hular Auta.